Wufa da Jeren Inna

Iliyasu magini yana ɗora sahu na biyu na bulo Tajuddeen ya fito daga falonsa, kofin shayi a hannu, silifa ɗaya a ƙafa. Ƙarar cokalin gini ce ta fito da shi. Ya dubi bulon, ya dubi kwaɓaɓɓen simintin da ke ƙasa, sannan ya dubi yayansa Abdulkabir, wanda ke tsaye a ɗaya ɓangaren ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya sha kunu.

Ƙofar da ake toshewa ba wata babbar ƙofa ba ce. 'Yar kafa ce a jikin katangar da ta raba gidan biyu tun rasuwar mahaifinsu, ko ƙyaure ba ta da shi. Amma ta nan Tajuddeen yake bi kullum da safe ya gaida Inna, domin ɗakinta a sashen Abdulkabir yake. Ta nan kuma ita take lallaɓowa da sandarta ta zauna wajen Rahmatu matarsa su yi ɓarar gyaɗa. Idan aka toshe ta, sai dai ya fita waje ya zagaya ta gefen gonar gero, ya tsaya a zauren yayansa ya yi sallama kamar baƙo, ya jira a ba shi izinin ganin uwar da ta haife shi.

"Yaya, mene ne haka?"

"Abin da idonka ya gani," in ji Abdulkabir. "Malam Iliyasu, ci gaba da aikinka."

"Ƙofar Baba ce fa."

"Baba bai bar ƙofa don maƙaryaci ya riƙa shigo maka gida ba. Ai ni ne maƙaryacin, ko har ka manta? Raba ka nake da ni, kada in ɓata maka tarbiyyar yara."

Iliyasu ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shafa siminti. Da ganinsa ka san da za a ba shi zaɓi, da ya gwammace yana gonarsa yana noma.

Duk wannan rigima a kan akwati ɗaya baƙi take, wanda bai fi kwandon kaji girma ba. Tajuddeen malamin lissafi ne a sakandaren da ke Bagwai, kuma tun yana yaro Allah ya ɗora masa son sauti. Da ya samu ya haɗa sola a gidansa, abu na farko da ya yi shi ne ya tafi Kano ya sayo kayan sauti: ƙananan sifikoki biyu da wufa, wato akwatin da ke fitar da sauti mai kauri, irin wanda mutum ke ji a ƙirji. Ya ajiye wufar a kusurwar falo don kada yara su yi tuntuɓe da ita, ya sa kujerarsa a tsakiyar ɗaki daidai saitin talabijin. Da ya zauna sai ya ji kaurin sautin bai kai yadda ya ji a shago ba. Ya tashi ya leƙa bayan akwatin, ya ga abin murɗawa guda biyu, ya murɗe su duka har ƙarshe. Ya ɗan ji dama-dama, ya bar su haka.

Abin da ya manta da shi shi ne, lokacin da ya gina falon bango uku kawai ya tayar na bulo. Na huɗun tsohon bangon ƙasa ne na ɗakin Inna, a jikinsa ya jingina ginin, kuma a gindinsa wufar take zaune.

Wata biyu Abdulkabir yana cewa bangon yana rawa, Tajuddeen yana cewa babu wannan magana. Yana da hujjarsa ta malamin lissafi: sautin da yake mutuwa taku uku daga akwati, kafin ya iso kujera, ta yaya zai keta bango mai kaurin kamu biyu? Rahmatu ta taɓa ce masa ita ma tana jin abin a ƙirjinta idan tana madafi, ya ce ta koma bayan 'yan wancan sashen ke nan, ba ta ƙara tankawa ba.

Ranar Laraba da ta wuce Abdulkabir ya kai ƙara wajen mai unguwa. Tajuddeen ya shigo da mai unguwa ta ƙofar falo ta waje, ya zaunar da shi a kan kujerarsa, ya kunna kiɗa, mutane sun cika ƙofa suna leƙe. Mai unguwa ya karkata kunne ya ce shi kam rediyonsa ma ya fi wannan damun mutane. Aka kashe kiɗan, aka aika a tambayi Inna, ta aiko cewa ita ba ta kai ƙarar kowa ba. Nan ne Tajuddeen ya ga ya samu fili, ya faɗi abin da ƙane ba ya faɗa. Ya ce Yaya ƙarya yake yi, hassadar sola ce ke cinsa. Mai unguwa ya ce wa Abdulkabir ya ji tsoron Allah ya bar ƙanensa ya ci arzikinsa. Mutum mai shekara arba'in da shida, wanda ake ba ajiyar iri a garin saboda amana, ya fita ana bin sa da kallo.

Yau Asabar, ga amsarsa ta zo a amalanke, bulo talatin da buhun siminti.

"Idan ka toshe, wallahi sai na rushe," in ji Tajuddeen.

"Ka rushe mu gani. A wannan karon ba wajen mai unguwa za mu tsaya ba."

Tajuddeen ya yi tsaki ya koma falo, ya dangwarar da kofin har shayin ya fallatsa. Ya kunna kiɗan ganga don haushi, ya ɗauki waya ya kira Munir, abokinsa na makaranta da ke Ungogo, wanda sana'arsa ke nan haɗa sauti a masallatai da ɗakunan taro. So yake Munir ya faɗa da bakinsa cewa ɗan wannan akwati ba zai iya girgiza bango ba, ya sa wa Yaya muryar ya ji.

Munir ya saurare shi har ya gama zuba, sannan ya ce, "Ina ka ajiye wufar?"

"A kusurwa."

"Ta jingina da bango?"

"Ta jingina. To sai me?"

"Kai kuma ina kake zama?"

"A tsakiya mana, inda mai hankali yake zama."

"Abubuwan murɗawa na baya fa, a nawa suke?"

"Duka a ƙarshe, kuma ko haka ba na jin komai."

Dariyar da Munir ya yi ta ƙona wa Tajuddeen rai fiye da bulon. Sai da ya yi mai isarsa sannan ya ce, "Malam, yayanka ya yi haƙuri da kai. Bari in gaya maka. Sauti mai kauri idan ya bugi bango dawowa yake yi, ya haɗu da wanda ke tafe. A wani wuri su haɗu su ƙara ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Kusurwa nan ne suke taruwa. Tsakiyar ɗaki kuwa nan ne suke kashe juna. Ka sa akwatin a inda ya fi ko'ina ƙarfi, ka sa kunnenka a inda ya fi ko'ina mutuwa, sannan kana ta ƙara wuta."

"Ban kira ka don ka koya mini karatu ba."

"To ka ji na biyun tunda ka kira. Ɗaya abin murɗawar na ƙarfi ne. Ɗayan, mai lamba daga hamsin zuwa ɗari biyu, kurosoba muke ce masa. Iyaka ce, kamar iyakar gona. Duk sautin da ke ƙasa da lambar na wufa ne, na sama kuma na ƙananan sifikokin. Kai ka kai ta ɗari biyu, ka ba wufa gonar da ba tata ba, har muryar mai karanta labarai tana nomawa. Mayar da ita tamanin. Sannan ka ɗora akwatin a kan kujerarka, ka kunna, ka yi rarrafe ka zagaye ɗakin. Inda ka ji gangar ta fito tsaf, ba kumburi ba rama, nan ne mazauninta."

"Rarrafe? Ni?"

"Kunnenka ya sauko inda akwatin zai zauna. Ni kullum ina yi, ban mutu ba."

Tajuddeen ya kashe wayar ba sallama. Ya zauna yana huci, kiɗan yana tafiya siriri kamar kullum. Ya ce a ransa 'yan birni ba su iya komai ba sai raina mutum. Amma malamin lissafi ne, kuma an ba shi abin da za a iya gwadawa. Ya miƙe ya taka zuwa ɗaya kusurwar ta bangon ƙasa, nesa da akwatin, ya jingina bayansa.

Sai da haƙoransa suka amsa. Rugugin ya shiga ta kafaɗunsa ya sauka har cikinsa. Ya dawo tsakiya, abin ya ɓace. Ya koma, ya dawo, har sau uku, yana fatan ya kama ɗakin da ƙarya.

A wata biyun nan bai taɓa barin kayan a kunne ya fita ba, saboda tattalin batir. Kuma da sassafe yake gaida Inna, lokacin komai a kashe yake. Yau ya bar kiɗan yana yi, ya fito tsakar gida, ya ɗaga ƙafa ya tsallake bulon da ya kai sahu uku.

"Ina za ka?" in ji Abdulkabir. "Wa ya ba ka izini?"

"Ba a gama toshewa ba tukuna."

Ya yi sallama ya ɗaga labulen Inna.

Abu na farko da ya gani ƙasa ce, 'yar siririya, tana zubowa daga wata tsaga a jikin bango duk lokacin da gangar ta buga. Ruwan da ke cikin kwanon sha yana karkarwa. Jeren Inna, kwalla da samira da tasoshin da ta zo da su gidan tun tana amarya, yana jikin wannan bangon, yana wani irin gunji a shaƙe. Da ya matsa sai ya ga dalilin shaƙewar. Tsakanin kowane kwano da murfinsa, tsakanin kowace tasa da 'yar'uwarta, an cusa tsumma: yankin tsohon zani, hannun riga, har da safar jikanta. Ya sha ganin tsummokaran nan da safe, ya ɗauka tsufa ne.

Inna ba ta kan gado. Tana can bakin ƙofa a kan tabarma, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, kwalbar maganin hawan jininta a gefe.

"Auta, lafiya da rana haka?"

Ya durƙusa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Inna, kullum haka yake yi?"

"Ranar ƙwallo ya fi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? An aiko an tambaye ki."

Ta gyara zama, ta kawar da kai daga ƙofa, domin ta san wanda ke tsaye a bayan labulen. "In faɗi me? A gaban mai unguwa da mutanen gari in buɗe baki in ce wancan ne mai gaskiya? Ina ka taɓa jin mace ta tsaya wa ɗanta na fari a bainar jama'a? Ni ba haka aka raine ni ba."

"To ni da kin kira ni gefe."

"Na ga yadda kake son abin. Na ce wata rana za ka gaji."

Da ya fito, Abdulkabir yana nan. Tajuddeen ya buɗe baki, yayan ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka ce mini komai. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa jin haushi ba, na san kunya ce. Amma ranar Laraba na so ta ce ko 'haka ne' kawai. Ba ta ce ba, kuma ba ita na riƙe ba. Kai da ba ka da kunyar da za ta ɗaure maka baki, kai ne ka ce ƙarya nake. Wuce ka fita mini daga gida."

Aka kira azahar. Iliyasu ya wanke cokalinsa da saurin wanda aka saka daga ɗauri. A masallaci 'yan'uwan suka tsaya sahu ɗaya, mutum huɗu a tsakaninsu, aka idar kowa ya kama hanyarsa.

Tajuddeen ya dawo ya rufe ƙofar falo ta waje. Ya mayar da iyakar nan tamanin, ya rage ƙarfin zuwa ƙasa da rabi. Ya rungumi akwatin ya ɗora a kan kujerar da ya zaunar da mai unguwa. Ya kunna gangar, ya tattare jallabiyarsa, ya duƙa a kan gwiwa da tafin hannu.

Haka Rahmatu ta same shi, malamin da ɗalibai ke tsoron tarinsa, yana bin gindin bango da rarrafe, kunne a karkace. Ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu.

"Malam, wani abu ne ya faɗi?"

"Yi shiru."

"Ai na gaya maka tun watan jiya."

"Na ce ki yi shiru, Rahmatu."

Ta bar ƙofar a buɗe ta tafi, kuma da gangan ta bar ta. Daga inda yake yana hango kafar katanga, da Iliyasu da ya dawo yana sake kwaɓa siminti, da Abdulkabir yana kallonsa ta saman bulo. Ya ji kamar ya miƙe. Bai miƙe ba, ya ci gaba. A kusurwa gangar ta kumbura ta zama gunji. A gaban kujera ta rame. A bayan ƙofa ta yi wani amo kamar a cikin randa. Sai can gefen teburin talabijin, wajen kamu ɗaya da rabi daga bangon bulo, nesa da bangon Inna, ya ji ta fito sosai, kowane bugu da farkonsa da ƙarshensa. Ya ja da baya, ya dawo, ya tabbatar. Ya ciro alli daga aljihu ya zana alama a kan simintin.

Ya naɗe tsohuwar darduma ya shimfiɗa a wurin, ya ɗora akwatin a kai, ya koma kujera ya zauna. Abin da ya ji ya ba shi haushi da daɗi a lokaci guda. Wannan ne sautin da ya ji a shago, wanda ya yi wata biyu yana nema da murɗe-murɗe, ga shi ya samu da rabin ƙarfi.

Ya fito gwiwoyinsa fari fat da ƙura. Bulo ya kai sahu huɗu.

"Yaya, na gyara. Don Allah shiga ɗakin Inna ka ji."

Abdulkabir ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya shiga. Ya jima kafin ya fito.

"Shiru," ya ce. "Ko ruwan kwano ba ya motsi."

"To ka gani. A dakatar da ginin nan."

"Sannu da ƙoƙari. Yanzu ko na je na jawo mai unguwa da hannuna na shigar da shi ɗakin, nan ma ba zai ji komai ba. Ka ga na zama maƙaryaci sau biyu. Ranar Laraba ka ɓata mini suna, yau ka share shaidata." Ya juya ga magini. "Malam Iliyasu, siminti yana bushewa."

Tajuddeen ya auna abin a ransa. Yana iya zuwa ya ce wa mai unguwa kuskure aka yi, a yi dariya a ce 'yan'uwa sun shirya, ƙane ya rufa wa yayansa asiri. Ya san garin. Haka za su fassara shi, kuma maganar hassadar sola za ta ci gaba da bin Yaya har kasuwa. Mutanen da suka ji shirun da kunnensu ba za su yarda da rugugin ba sai sun ji shi a ƙirjinsu.

"Malam Iliyasu," ya ce, "ka ba ni zuwa la'asar."

Iliyasu ya dubi Abdulkabir. Abdulkabir ya kawar da kai, bai hana ba. Magini ya ɗebi ruwa ya yayyafa wa simintin, ya rufe shi da buhu.

Tajuddeen ya koma falo. Ya ɗan tsaya a kan alamar allin, sannan ya sunkuya ya ɗauke akwatin daga kan dardumar, ya mayar da shi kusurwa, ya manna shi da bangon ƙasa yadda yake da. Ya kai iyakar ɗari biyu. Ya murɗe ƙarfin har ƙarshe. Ya sa hularsa, bai kakkaɓe gwiwoyinsa ba, ya sake tsallake bulon ya tsaya a ƙofar Inna.

"Inna, zan kira mai unguwa da duk waɗanda suka zo ranar Laraba. Zan kunna yadda nake kunnawa, su shigo nan su zauna. Ki koma wajen Rahmatu kafin a gama, kada kanki ya ɗauka."

"Mutane a ɗakina?"

"Na ɗan lokaci ne."

Ta dafa sandarta ta miƙe a hankali. Ya miƙa hannu zai kama ta su fita, sai ya ga ba ƙofa ta nufa ba. Gaban jerenta ta je ta tsaya. Abdulkabir yana bakin ƙofa ya ɗage labule, ko sau ɗaya ba ta dubi inda yake ba.

Ta ɗaga murfin babbar kwalla ta zare yankin zanin da ke ƙarƙashi, ta yar a ƙasa. Ta zare hannun rigar. Ta zare safar. Ɗaya bayan ɗaya ta bi kwanukan tun daga sama har ƙasa, tana mayar da kowane murfi a kan ƙarfensa tsirara, har tsummokaran suka taru a gaban ƙafarta.

"Je ka kira su," ta ce wa Tajuddeen. "Ka ce su yi sauri, ina da alwala."